Faɗaɗa Hanyoyi da Gadojin Sama a Bauchi: Abin da Suke Magancewa da Abin da Suke Bari

Tun da gwamnatin Bala Abdulƙadir Mohammed ta ɗauko aikin gadojin sama a Wunti da Babbar Kasuwa, ta kuma mayar da wasu manyan hanyoyin shiga gari tagwaye, zancen ya rabu gida biyu a majalisu da tashoshin mota na Bauchi. Wasu na ganin cunkoson safe da yamma ya kusa zama tarihi, wasu kuma na cewa an zuba maƙudan kuɗi ne a kan abin da zai sake cika nan da 'yan shekaru. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sai dai akasarin musun ana yin sa ne ba tare da an fayyace mene ne cunkoso ba, ko daga ina yake tasowa, shi ya sa mutum biyu kan daɗe suna gardama alhali ba a kan abu ɗaya suke magana ba.

Ƙarfin hanya da buƙatar tafiya

Injiniyoyi ba sa auna titi da faɗinsa kaɗai, suna auna shi ne da yawan abin hawan da zai iya wucewa ta kansa a cikin awa ɗaya, wannan shi ne ƙarfin hanya. A babbar hanyar da ba ta da mahaɗa, ba danja, ba mai tsayawa a gefe, layi ɗaya yana iya ɗaukar ƙananan motoci kusan 2,000 a awa. Da zarar hanyar ta shigo gari, inda ake tsayawa a ba wani hannu, ake juyawa, ake sauke fasinja, adadin yakan faɗo zuwa rabi ko ƙasa da haka. Abubuwan hawan ma ba ɗaya ba ne a lissafi, domin tirela guda tana cin wurin ƙananan motoci da dama, kuma idan ta tsaya ba ta tashi da wuri.

Buƙatar tafiya kuwa ita ce yawan mutanen da ke son bin hanyar a wani lokaci. Ba ta zuwa daidai wa daida a tsawon yini. Tana taruwa ne da safe lokacin kai yara makaranta da fita aiki, da lokacin tashi daga makaranta, sai kuma daga bayan la'asar zuwa magariba, da ranar Juma'a a kewayen masallatai. Titin da ake kuka da shi yakan kasance fayau a mafi yawan awoyin yini, ke nan duk layin da aka ƙara an ƙara shi ne saboda awa uku ko huɗu.

Akwai wata ɗabi'a ta cunkoso da ke ruɗar mutane. Hanyar da ta kusa cika tana iya tafiya sumul, amma ƙarin motoci kaɗan a kan abin da take iya ɗauka ya isa ya tsayar da komai, layi ya yi ta tsawo har sai masu shigowa sun ragu. Shi ya sa idan makarantu suka yi hutu gari yakan saki sosai, ko da yake motocin da suka ragu ba su taka kara sun karya ba.

Kalmar faɗaɗawa ita ma ta ƙunshi abubuwa uku da ake haɗa su a baki ɗaya alhali kowanne ciwon da yake magani daban ne. Mayar da titi tagwaye yana ƙara ƙarfin tsakanin mahaɗa da mahaɗa. Gadar sama tana raba motocin da ke giciye da juna a mahaɗa guda. Hanyar kewaye, wadda direbobi ke kira baifas, tana janye wanda ba shi da abin yi a cikin gari ne gaba ɗaya.

Yadda garin ya kai nan

Tsohon birnin Bauchi, wanda Sarki Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19, an gina shi ne a cikin ganuwa mai ƙofofi, da lunguna da aka yi domin mai ƙafa da mai doki. Da aka ƙirƙiro jihar a 1976 garin ya zama hedikwata, sai ma'aikatu da gidajen ma'aikata suka bazu a bayan ganuwa. Manyan makarantu suka ja jama'a zuwa hanyar Dass, inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa take a Yelwa, kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya kuma a Gwallameji. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Bauchi ta kusa rabin miliyan, kuma daga baya rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, da yawansu suka zauna a Bauchi da Gombe ba su koma ba.

Abin lura shi ne siffar da wannan girma ya ɗauka. Garin ya miƙe ne a kan hanyoyi biyar da suka fita daga cikinsa, ta Jos, ta Ningi zuwa Kano, ta Maiduguri, ta Gombe, da ta Dass, kamar yatsun hannu. Gidaje sun tafi Miri da Wuntin Dada da Tirwun da Inkil, amma manyan kasuwanni irin su Wunti da Muda Lawal, da bankuna, da asibitin koyarwa, da sakatariya, duk suna tsakiya. Wanda zai tashi daga wannan yatsa zuwa wancan sau da yawa sai ya biyo ta tafin hannun, ko da ba shi da hulɗa da shi. A kan wannan kuma ga motocin dogon zango, domin babbar hanyar tarayya da ta taso daga Fatakwal ta biyo Jos zuwa Maiduguri ta Bauchi ta ratsa, haka ma hanyar Gombe da Yola. Layin dogon da ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 ya daɗe ba ya ɗaukar wani kaya na a zo a gani, don haka siminti da man fetur da hatsi da shanu duk a kan kwalta suke tafiya.

Hujjar masu goyon baya

Masu goyon bayan faɗaɗawa suna cewa titunan da aka shimfiɗa wa garin da bai kai rabin na yau ba ba za su ɗauki garin yau ba, kuma jinkiri tsada yake ƙarawa, domin filin da za a biya diyyarsa da sauƙi bana, baɗi bene za a tarar a kansa. Suna ƙarawa da cewa aikin titi ba kwalta kaɗai ba ne, yana zuwa da magudanan ruwa da kwalbatoci da fitilu, waɗanda unguwanni da yawa ba su taɓa samu ba sai da aikin ya biyo ta kansu. Shingen tsakiya na tagwayen hanya yana rage karon gaba da gaba, wanda yana cikin haɗurra mafi muni. Motar asibiti da ta kashe gobara kuma minti biyar a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne. A ƙarshe akwai batun kwarjinin babban birnin jiha a idon baƙo da mai zuba jari, wanda ko da ba a iya auna shi da alƙalami, 'yan siyasa da jama'a suna ba shi muhimmanci.

Me ya sa sabuwar hanya take sake cika

Hujja mafi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ita ce abin da masana sufuri suka daɗe da lura da shi, wato hanya da kanta tana haifar da zirga-zirga. Tun a 1962 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Anthony Downs, ya bayyana cewa a manyan hanyoyin birni cunkoson lokacin fita da tashi aiki yakan ƙaru har ya cike duk ƙarfin da aka samar. Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Idan hanya ta saki, wanda a da yake bin lungu don kauce mata sai ya dawo kanta. Wanda yake sammako ko yake jira sai rana ta ɗaga sai ya koma fita lokacin da kowa ke fita. Wanda yake ajiye motarsa ya hau Keke Napep sai ya fito da ita. Waɗannan ukun a cikin watanni suke faruwa. Na huɗu ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya fi su nauyi: idan tafiyar kilomita goma sha biyar ta koma minti ashirin, mutane sukan sayi fegi a can nesa inda ƙasa ke da araha, su gina, daga nan kuma tafiyar da ba ta wanzu a da ta zama ta kullum, safe da yamma, har tsawon rayuwar gidan.

An gwada wannan da alƙaluma. A 1994 wani kwamitin ba gwamnatin Ingila shawara kan manyan hanyoyi ya tabbatar da cewa sabbin hanyoyi suna janyo ƙarin zirga-zirga. A 2011 wasu masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka bi bayanan biranen Amurka na shekaru ashirin, suka gano cewa idan aka ƙara layukan manyan hanyoyi da kashi 10 cikin ɗari, tafiyar da motoci ke yi a kansu takan ƙaru da kusan kashi 10 ɗin. Misalin da aka fi kawowa shi ne hanyar Katy a birnin Hustan na jihar Tekzas, wadda aka kammala faɗaɗa ta a 2008 a kan dala kusan biliyan 2.8, har ta kai layi 26 a wasu wurare idan aka haɗa da titunan gefe, amma tsakanin 2011 da 2014 lokacin da ake ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa. An kuma ga akasin haka a Siyol ta Koriya ta Kudu, inda aka rushe wata doguwar gadar sama a 2003 aka farfaɗo da rafin da ke ƙarƙashinta, aka inganta motocin bas, kuma tsayuwar da aka yi fargaba ba ta auku ba.

Sai dai adalci ya wajabta a ce Bauchi ba Hustan ba ce. A can kusan kowane gida yana da mota, a nan kuwa mafi yawan jama'a a ƙafa suke tafiya, ko a babur, ko a keke, kuma tsadar mai tana taka wa mai mota birki. An ga haka ƙarara bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, ma'aikata da yawa suka jingine motocinsu. Haka kuma ba duk ƙarin zirga-zirga ba ne asara, domin matar da ta samu damar kai kayanta kasuwar da a da ba ta iya zuwa, ita ma tana cikin ƙarin da ake ƙirgawa. Abin da binciken ya rushe shi ne alkawarin cewa faɗaɗawa za ta kawo ƙarshen cunkoso. A garin da jama'arsa ke ƙaruwa, lissafi mai sauƙi ya isa: idan zirga-zirga tana ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari a shekara, za ta ninka cikin shekara 14, idan kuma kashi 7 ne, cikin shekara 10. Titin da aka ninka faɗinsa ya sayo wa gari waɗannan shekarun ne.

Mahaɗa da gefen titi

A biranen Arewa akwai wani abin da ya fi ƙarancin layi cin ƙarfin hanya, shi ne abin da ke faruwa a bakinta. Titi mai layi biyu a kowane hannu, idan motocin da aka ajiye suka cinye na gefe, masu keke suna lodi a bayansu, masu tebur da baro sun sauko kan kwalta, masu tafiya a ƙafa kuma sun rasa inda za su taka sun shigo cikin motoci, to layi ɗaya ya rage, wato an koma gidan jiya bayan an biya kuɗin layi biyu. Ba kuma taurin kai kaɗai ke kawo haka ba. Mai keke yana tsayawa inda fasinja yake ne, mai tebur yana bin inda ƙafa take, kuma muddin zanen titin bai ware musu wuri ba, korar da jami'ai za su yi ta kwana biyu ce.

Gadar sama tana da nata iyakar. Tana amfanar wanda zai miƙe ya wuce, amma wanda zai juya dama ko hagu, da wanda kasuwar ce ma inda ya nufa, duk a ƙasa za su zauna. Saboda haka amfanin gada a bakin kasuwa ya danganta ne da kason masu wucewa a cikin masu bin wurin. Idan sun yi yawa, ƙasa za ta samu sarari sosai. Idan kuma akasarinsu kasuwar suka zo, gadar za ta yi fayau a sama ana cakuɗe a ƙarƙashinta. Sannan motocin da gadar ta saki da sauri a shataletale na gaba za su taru, don haka wani lokaci layin ba ɓacewa yake yi ba, matsawa yake yi gaba. Kano ta gina gadoji a Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro da Sabon Gari, waɗannan mahaɗu sun samu sauƙi, amma ba wanda zai ce an daina cunkoso a Kano.

Hanyar kewaye ita ce ta fi dacewa da matsalar manyan motoci, amma ita ma tana da rauni guda. Da zarar an shimfiɗa ta, gidajen mai da garejoji da shaguna sukan bi ta, kowa ya buɗe ƙofarsa kai tsaye kan kwalta, bayan shekaru sai ta zama titin cikin gari. Baifas ta gabashin Kano, wadda yanzu gari ya haɗiye, ta isa misali.

Ra'ayi na uku

Akwai masu ganin cewa gardamar a faɗaɗa ko kada a faɗaɗa ta kauce wa ainihin tambayar, wato mutum nawa hanyar za ta ɗauka, ba mota nawa ba. Fasinja sittin suna buƙatar Keke Napep goma sha biyar zuwa ashirin, ko ƙananan motoci talatin zuwa arba'in, alhali babbar bas guda ta ishe su. Wannan ne tushen ware wa bas layinta, wanda birnin Kuritiba na Brazil ya fara a 1974, Legas ta ɗauka a 2008 tsakanin unguwannin Mile 12 da CMS, Darussalam ta Tanzaniya kuma a 2016. Masu wannan ra'ayi suna cewa lokacin da ake faɗaɗa titi shi ne lokaci mafi sauƙi na keɓe irin wannan layi, domin ƙwace shi daga hannun masu mota bayan sun saba da shi rigima ce. Masu sukarsa kuma suna tunatar da cewa motocin bas na gwamnati a jihohi da dama sun sha mutuwa saboda rashin gyara da rashin tsarin kuɗin shiga, kuma dubban matasa da keke da acaɓa suke ci da iyalinsu, don haka duk tsarin da bai tanadar musu gurbi ba zai gamu da turjiya.

Wani reshe na wannan ra'ayi ya fi karkata ga ƙananan tituna. Idan aka kwalta hanyoyin da suka haɗa unguwa da unguwa, mai zuwa daga hanyar Dass zuwa hanyar Jos ba sai ya shigo tsakiya ba, nauyin sai ya rarrabu a kan hanyoyi da yawa maimakon ya taru a kan guda.

Abin da zai shafi jama'a

Mai mota da ɗan kasuwar da ke jigilar kaya su ne za su fara ganin riba, a lokaci da mai da kuɗin gyara. Fasinjan keke zai samu saurin isa, amma ba lalle kuɗin mota ya sauka ba, domin farashin mai ne ke yanke shi, kuma shingen tsakiya yana tilasta wa direba ya wuce inda za shi ya je ya juyo. Idan wuraren juyawar suka yi nisa da juna, sakamakon da aka saba gani shi ne bin hannun da ba naka ba, da fasa shingen da dare.

Mai tafiya a ƙafa shi ne wanda lissafin ya fi mantawa da shi. Titi mai faɗi da santsi yana kiran gudu, musamman a awoyin da ba kowa. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4. Yaron da makarantar allonsa ke tsallaken titi, da tsohon da masallacinsa ya koma ɗaya hannun, yanzu layi huɗu za su ƙetare maimakon biyu. Gadar masu ƙafa tana taimakawa, amma tsofaffi da masu lalura da masu ɗauke da kaya ba kasafai suke iya hawanta ba.

Batun diyya yana da sarƙaƙiyar da mutane da yawa ba sa sani sai rusau ya iso ƙofarsu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da aka raya a kan filin, ba darajar filin a kasuwa ba. Ke nan mai tsohon gini a wuri mai tsada yana iya karɓar abin da ba zai saya masa makamancin wurin ba. Ɗan haya kuwa, wanda ya shekara goma yana tara abokan ciniki a shago, ba kasafai lissafin yake biyowa ta kansa ba. Shagunan da suka tsira ma suna iya rasa ciniki idan gangaren gada ya rufe fuskarsu, yayin da masu filaye a ƙarshen sabuwar hanya darajar abinsu ke ninkawa ba tare da sun ɗaga tsinke ba.

Sai kuma ruwa. Kwalta da siminti ba sa shan ruwan sama, tura shi suke yi gaba da ƙarfi, kuma magudanar da aka gina a bakin titi dole ta zube a wani wuri. Mutanen Gombe, inda zaizayar ƙasa ta ci gidaje a unguwanni da dama, sun san abin da ke biyo baya idan aka saki ruwan ba tare da an raka shi har inda zai kwanta ba.

Wa zai riƙe hanyar bayan an buɗe ta

Kowane layi da aka ƙara nauyi ne na dindindin a kan kasafin kuɗi: faci, yashe magudana, fenti, fitilu, da duba mahaɗin gada. Abin da ke kashe titi kuma nauyi ne, ba yawan motoci ba. Gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke sauka a kan jerin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16, saboda haka tirela guda da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci illa. A Bauchi lamarin yana da ƙarin ƙulli, domin wasu manyan titunan da ke ratsa gari na tarayya ne, gyaransu yana wuyan ma'aikatar ayyuka ta tarayya da hukumar gyaran hanyoyin tarayya ta FERMA da aka kafa a 2002, yayin da jiha ke kula da nata, ƙananan hukumomi kuma da na unguwanni. Jihohi sun sha yin aiki a kan hanyoyin tarayya su koma neman a mayar musu da kuɗinsu, abin da kan ɗauki shekaru. Inda titin jiha ya haɗu da na tarayya, ko magudanar babban titi ta zube cikin ta unguwa, nan ne aka fi samun ramin da kowace hukuma ke cewa ba nata ba ne.